FFmpeg, PIPP, ImPPG, Fiji ko SunPy: wacce za ta tona rawar madubinka, wacce za ta rufa masa asiri?

Ka ɗora madubin hangen nesa a kan soro da hantsi, ka rufe bakinsa da matacin hasken rana, ka saita kyamara ta riƙa ɗauka duk bayan daƙiƙa 10 har rabin awa. Hotuna 180 ke nan. Ka buɗe su ɗai-ɗai, ba ka ga aibun ko guda ba: ga faifan rana cif, ga 'yan baƙaƙen tabo biyu ko uku a jikinsa. Sai da ka jera su suka zama bidiyo sannan asiri ya tonu. Faifan ya kama lilo, ya yi hagu ya dawo dama, yana kuma sulalewa ƙasa sannu a hankali, can sai ya yi zumbur kamar an tsikare shi. Rana tana nan inda take. Madubinka ne ke rawa, ido kuwa ba ya kama irin wannan rawar sai hotuna sun gudu.

Da wace manhaja za a jera su? A nan tarkon yake. Mafi yawan manhajojin da masu ɗaukar hoton sama ke yabo an rubuta su ne don su goge wannan rawar, domin abin da jama'a ke son kallo shi ne rana a tsaye cak, harsunan wuta na tashi a gefenta. Wanda ke neman ciwon mazaunin madubinsa, wato abin da ke ɗauke da madubin yana juya shi ya bi rana, idan ya bi ta kansu bai lura ba, ya zama mai bin sawun ɓarawo da ya fara share tsakar gida. Saboda haka da abu uku zan auna kowacce: tana barin hoto inda kyamara ta ajiye shi, tana ba ka lamba ko kallo kawai, sannan wahalarta nawa ce.

Kalma ɗaya kafin mu yi nisa, don ido ba shi da safaya. Matacin da aka yi domin rana ake sawa, a gaban madubi, ba gilashin walda ko baƙin tabarau ba. Ko a cikin takardun Baader AstroSolar akwai iri biyu: mai lamba 5.0 ta kallo da ido ce, mai lamba 3.8 ta kyamara ce kaɗai.

Wace irin rawa kake nema?

Ba za ka iya zaɓen manhaja ba sai ka san abin da kake farauta, kuma lissafin ba shi da wuya. A nan idan na ce sakan, ma'aunin kusurwa nake nufi, kashi 1 cikin 3,600 na digiri. Daƙiƙa kuwa ta agogo ce. Faɗin rana a sama kusan rabin digiri ne, sakan 1,900 da 'yan kai. Juyawar duniya tana tafiyar da sama sakan 15 a kowace daƙiƙa, shi ya sa idan injin mazauni a kashe yake, rana take ƙetare faɗin kanta cikin minti 2 da kaɗan. Don ka san sakan nawa ne a fiksel ɗaya na kyamararka, ninka girman fiksel a maikiron da 206, ka raba da tsawon fokas a milimita. Ƙaramin madubi mai fokas 400 da kyamara mai fiksel 3.75 zai ba ka kusan sakan 1.9 a fiksel, rana kuma ta ci fiksel wajen 1,000. Riƙe wannan lambar, da ita za a fassara komai.

Rawa ta farko ita ce sulalewa, tafiya gefe guda ba dawowa. Sababinta mafi sauƙi, wanda kuma ya fi ba da kunya, shi ne barin mazauni a kan gudun taurari maimakon gudun rana. Rana tana matsawa kusan digiri 1 a kullum a tsakanin taurari, wato sakan 2.5 a minti. Cikin awa guda sakan 150 ne, fiksel kusan 78 a madubin misalinmu. Sababi na biyu rashin saita ƙarfen juyin mazauni daidai da arewa ta sama, abin da ke da wuya da rana tunda babu tauraro. Ko da dare ma, a Kano tauraron arewa digiri 12 kawai yake sama da ƙasa, katangar maƙwabci ko hazon hunturu ya isa ya ɓoye shi. Ita kanta rana tana da tata tafiyar kudu da arewa, wadda ke kai kusan sakan 1 a minti a wajajen 21 ga Maris da 23 ga Satumba.

Ta biyu lilo ne, kai-komo mai lokaci. Daga giyar inji yake fitowa, wato ƙarfen nan zagayayye mai haƙora. A cikin mazauni akwai sanda mai zare irin na noti da ke tura wata babbar giya haƙori bayan haƙori, kuma babu sandar da aka taɓa ƙerawa ba ƙaramar karkata. Duk zagayen sandar ɗaya, madubi ya ɗan yi gaba ya ɗan yi baya. Lokacin zagayen yana fitowa daga yawan haƙora: raba daƙiƙa 86,164, tsawon juyin duniya ɗaya a ma'aunin taurari, da yawansu. Mazauni EQ6 na Sky-Watcher mai haƙora 180 yana ba da daƙiƙa 479, kusan minti 8. HEQ5 mai 135 yana ba da 638. Idan bidiyonka ya nuna kai-komo da ya yi daidai da wannan lissafin, ka kama mai laifi da hannu dumu-dumu.

Ta uku karkarwa: iska ta bugi bututu, wani ya taka dakali kusa da ƙafafun mazauni, wayar kyamara ta maƙale ta ja sannan ta saki. Wannan ba ta da tsari, kuma takan wuce cikin ƙasa da daƙiƙa.

Akwai kuma wadda ba ta madubi ba ce sam, irin kawalwainiyar da ake gani a kan kwalta da azahar. Iska mai zafi ce ke tafasa tsakaninka da rana. Alamarta ita ce ba ta ɗaga faifan gaba ɗaya. Wannan gefen ya lotsa, wancan ya kumbura, kamar tsabar kuɗi a ƙasan ruwa. Rawar mazauni kuwa duk faifan take kwasa lokaci guda.

Wannan rarrabewar ita ke faɗa maka yadda za ka ɗauki hotunan tun farko. Lilon minti 8 yana son hoto duk daƙiƙa 10 ko 20, na tsawon zagaye uku aƙalla. Wanda ya ɗauki hoto duk minti 8 zai rantse mazauninsa lafiya lau yake, don kullum a wuri ɗaya yake tarar da lilon. Karkarwa kuwa sai bidiyo mai hotuna da yawa a daƙiƙa. Sannan duk wani saiti na manhajar ɗauka da ke tsayar da hoto a tsakiya ko ke gyara wa mazauni tafiya, irin waɗanda ke cikin FireCapture da SharpCap, a kashe shi tukuna.

FFmpeg: ba ta ƙari, ba ta ragi

Da ita nake farawa kullum. Fabrice Bellard ne ya fara ta a 2000, kyauta ce, tana aiki a Windows da Linux da Mac, kuma ba ta san rana ba balle ta yi mata kwalliya. Abin da ka ba ta shi za ta jera. Ba ta da maɓallai. Umarni ake rubuta mata, wannan ne ke korar mutane. Amma layi ɗaya ne:

ffmpeg -framerate 15 -i rana_%04d.png -vf drawgrid=w=100:h=100:t=1:c=white@0.4 -c:v libx264 -crf 16 -pix_fmt yuv420p danye.mp4

Hotunan nan 180 za su gudu cikin daƙiƙa 12, rabin awa a dunƙule. Amfanin drawgrid shi ne ta shimfiɗa raga mai ido fiksel 100 a kan bidiyon. Ba tare da ita ba ido yana bin faifan ne ya manta da gefen allo. Da ita kuwa kana ganin bakin rana yana hawa layi yana sauka, har ka ƙiyasta girman rawar da ido. Rabin ido ɗaya na ragar fiksel 50 ne, sakan 95 a misalinmu.

Akwai dabara ta biyu da na fi so. A cikin umarnin, ka musanya sashen drawgrid ɗin da format=gray,tblend=all_mode=difference, sai ta riƙa cire kowane hoto daga na bayansa. Inda madubi bai motsa ba allo baƙi ne ƙirin. Da ya motsa, sai siraran jinjirin wata biyu su bayyana a gefunan faifan, kaurinsu daidai nisan da aka yi tsakanin hotunan biyu. A bidiyon lilo za ka ga jinjirin yana kauri, ya sirance, ya ɓace, ya sake dawowa. Motsin fiksel ɗaya ko biyu da raga ba ta nunawa, wannan yana fito da shi.

Abubuwa biyu ke tuntuɓe da sabon shiga. Na ɗaya sunan fayil: idan ka sa rana_1, rana_2 har rana_180, manhajoji da yawa suna sa 10 kafin 2, sai ka ga rana tana tsalle-tsallen da ba ta yi ba. A cike da sifiri, 0001, 0002. Na biyu, tsarin yuv420p ba ya karɓar faɗi ko tsawon hoto mai lambar mara, sai cika. Idan kuma dogon bidiyo ka ɗauka ba hotuna ba, -vf fps=1/10 zai tsamo maka hoto ɗaya duk daƙiƙa 10.

Rauninta a fili yake: tana nuna maka akwai ciwo, ba ta auna shi. Tana da matatan tsayar da bidiyo irin su deshake, amma domin bidiyon da aka ɗauka da hannu aka yi su, faifai fari a kan baƙi ba ya ba su abin kamawa sosai. Kuma kar ka yanke hukunci daga kwafin da ya bi ta WhatsApp, matsewa tana narkar da ƙananan motsi. GIF ma launi 256 kawai yake ɗauka kuma yana da nauyi. Don tura wa aboki ya yi, don bincike MP4 ya fi. Mai manhajar gyaran hoto ta GIMP a kwamfutarsa yana iya buɗe hotuna a matsayin shimfiɗu ya fitar da GIF, amma da sun wuce talatin aikin ya zama horo.

PIPP da AutoStakkert: masu share tsakar gida

PIPP, wadda Chris Garry ya rubuta domin Windows, ita ce mafi sauƙin shiga. Ka jawo hotuna ko fayil ɗin SER, wato ɗanyen bidiyon da manhajar ɗauka ke ajiyewa, ka zuba, ka zaɓi cikakken faifan rana ko hoton kusa, ta tsayar da shi a tsakiya, ta yanke gefe, ta ba ka AVI ko GIF ko jerin hotuna. Ga wanda ke son ya ga tabo yana tafiya ko harshen wuta yana tashi, cikin minti biyar ya gama. An daɗe ba a sabunta ta ba, amma tana aiki.

Matsalar ita ce da ka zaɓi nau'in abin da ka ɗauka, sai ta kunna maka saitin da take ganin ya dace, tsayarwa a tsakiya kuwa na cikinsu. Bidiyo ya fito tsaf, ka yi ta sa wa mazauninka albarka a banza. Tana kuma da saitin auna ingancin hotuna, ta zubar da marasa kyau ko ta sake jera su daga mafi kyau zuwa ƙasa. Don haɗa hoto ɗaya mai kaifi wannan alheri ne. Don bidiyon bincike kuwa masifa ce, tunda lokaci ya hargitse, hoton minti na 20 ya zo kafin na minti na 3. Ana iya amfani da ita a fitar da ɗanyen bidiyo, amma sai ka bi shafukanta ɗaya bayan ɗaya ka kashe waɗannan. In ka manta ɗaya, ba za ta gaya maka ba.

AutoStakkert ta Emil Kraaikamp ba ta cikin wannan gasar, amma dole a ambace ta saboda kuskuren da ake yawan yi. Aikinta shi ne ta ɗauki gajeren bidiyo, ta zaɓi hotuna mafi kaifi, ta daidaita su, ta haɗe su hoto ɗaya. Mutum ya yi haka sau sittin, ya jera sakamakon, ya ga rana tana tsalle, ya ce mazauni ne. Wataƙila shi ne, wataƙila kuma yadda manhajar ta zaɓi hoton dogaro ta yanke gefe a kowane zagaye ne. Matsayin rana a hoton da aka riga aka haɗe ba shaida ba ne. Shaida tana cikin ɗanyen fayil, musamman SER, wanda ke iya ajiye lokacin kowane hoto.

ImPPG: idan kyau kake nema

Wajen daidaita jerin hotunan rana, ban ga ta kyauta da ta kai ImPPG ta Filip Szczerek ba. Tana kaifafa hoto da hanyar Lucy da Richardson, ta yi wa ɗaruruwan hotuna gyara iri ɗaya a zama guda, sannan tana daidaitawa har ƙasa da fiksel ɗaya. Abin da ya fifita ta a kan PIPP shi ne ta ba ka zaɓi: ko ta riƙe abubuwan da ke jikin rana, ko ta riƙe bakin faifan.

Wannan zaɓin ba ƙarami ba ne. Rana tana juyawa, kusan kwana 27 a zagaye idan daga duniya ake kallo, don haka tabon da ke tsakiyar faifai yana matsawa kusan sakan 9 a awa. Ka riƙe tabo, bakin rana zai riƙa sulalewa. Ka riƙe baki, tabo zai yi tafiyarsa ta gaskiya. A bidiyon minti 20 bambancin bai taka kara ya karya ba. A na awa 4 kuwa sakan 36 ne, kuma mai auna rawa daga tabo zai ɗora wa mazauninsa laifin juyawar rana.

Tana da wata 'yar ƙofa ga mai bincike. Kafin ta fara daidaitawa takan tambaya ko ta yanke hotunan zuwa yankin da duka suka haɗu a kai, ko ta cike gefe da baƙi. Zaɓi cikewa. Rana za ta tsaya cak, amma gefunan hoton ne za su riƙa rawa a kewayenta, rawar nan kuwa ita ce ta madubinka, a juye. Bidiyo ɗaya ya ba ka kyau da shaida tare.

Inda ba ta kai ba shi ne juyawar hoto. Mazauni mai tafiyar sama-ƙasa da hagu-dama yana sa faifan ya riƙa murɗawa a hankali, kuma abin ya fi tsanani idan rana ta kusa tsakiyar ka. A Kano, kusan 21 ga Afrilu da 21 ga Agusta, rana tana bi ta saman kai sak, irin wannan mazaunin kuwa sai ya juya daga gabas zuwa yamma cikin 'yan mintuna. Matsar da hoto gefe ba ya gyara murɗawa. Mafi sauƙi shi ne ka yi ɗaukarka da hantsi, lokacin da ma rufin gidaje bai gama ɗaukar zafi ba.

Fiji: lamba ba tare da rubuta shiri ba

Abin mamaki, manhajar da ta fi dacewa da wannan aikin ba domin sama aka yi ta ba. Fiji kunshin ImageJ ce, wadda Wayne Rasband ya rubuta a cibiyar binciken lafiya ta NIH a Amurka domin masu duba ƙwayoyin halitta. Su ma matsalarsu ɗaya da tamu: jerin hotuna na wani zagayayyen abu da ke motsi.

Ka shigo da hotunan a matsayin jeri, ta ba ka sandar ja a ƙasa, ka yi gaba ka yi baya yadda kake so. Sai ka ja miƙaƙƙen layi da ya ratsa bakin rana, ka danna Reslice. Abin da zai fito hoto ɗaya ne: kwance nisan da ke kan layin, tsaye kuma lokaci. Bakin rana ya zama zare da ya sauko daga sama zuwa ƙasa. Miƙe yake? Madubinka lafiya. Ya karkata? Sulalewa ce. Yana lanƙwasa kamar sawun maciji a rairayi? Lilon giya ne, ƙirga lanƙwasar ka sami lokacinsa. Inda ya tsinke ya koma gefe kuwa, nan ne waya ta ja. Rabin awa na tarihi a hoto guda, wanda za ka iya nuna wa mai gyara ba sai ya kalli bidiyo ba. Ja layi ɗaya gabas da yamma, wani kudu da arewa, domin lilon giya a na farko yake fitowa, kuskuren saitin arewa kuma ya fi bayyana a na biyu.

Idan lamba kake so, ka ware faifan daga baƙin bango da Threshold, ka sa ta auna Centroid, wato cibiyar siffar, a duk jerin. Za ta ba ka jadawali mai X da Y na kowane hoto, ka kwafe zuwa Excel ka zana. Ninka da 1.9, ko lambar taka, fiksel ya koma sakan. A kula, Centroid ake so ba Center of mass ba, don na biyun yana bin haske, kuma a madubin H-alpha, mai tace wani jan haske guda da ke nuna harsunan wuta, sau da yawa wani ɓangaren faifan ya fi wani haske. Hanyar tana rushewa idan gajimare ya ci gefen rana ko faifan ya fita daga hoto. Irin waɗannan hotunan a cire su daga lissafi.

Tana daidaitawa ma. StackReg, ƙarin da Philippe Thévenaz ya rubuta a EPFL ta Lausanne, yana gyara matsawa da murɗawa duka, abin da ImPPG ba ta yi. Sai dai kowane hoto da na kusa da shi yake gwadawa, don haka ƙananan kurakurai suna taruwa a dogon jeri. Nauyinta kuma a ƙwaƙwalwar kwamfuta yake: hoto mai fiksel 2,000 a 2,000 a bit 16 megabait 8 ne, 180 sun kusa gigabait ɗaya da rabi. A tsohuwar laftof, zaɓi buɗewa a matsayin virtual stack, wanda ke karanto hoto daga ma'ajiyar kwamfuta sai an buƙace shi.

SunPy: ga mai hotunan kumbo

Ba madubin kan soro kaɗai ke rawa ba. Kumbon Hinode na Japan, wanda aka harba a 2006, yana zagaya duniya cikin kimanin minti 98, sauyin zafi a kowane zagaye yana ɗan lanƙwasa jikinsa, masu amfani da hotunansa kuma sun saba gyara wannan kafin su auna komai. SDO na NASA, da aka harba ranar 11 ga Fabrairu 2010, yana da na'urar AIA mai ɗaukar hoto fiksel 4,096 a 4,096 duk daƙiƙa 12, sakan 0.6 a fiksel, kuma an sa mata ƙananan madubai masu gadi da ke lura da bakin rana suna motsa madubin ciki don kashe karkarwa tun kafin hoto ya fito.

Waɗannan hotunan a tsarin FITS suke zuwa, irin fayil ɗin masu nazarin sama, kowanne da bayanai a goshinsa. CRPIX1 da CRPIX2 suna faɗin fiksel ɗin dogaro, wanda a cikakken hoton AIA shi ne cibiyar rana. CDELT girman fiksel. CROTA2 karkatar hoto. Goshi yana faɗin inda aka yi zaton madubi ya duba, hoton kansa yana nuna inda ya duba a zahiri, tazarar da ke tsakani ita ce abin nema. SunPy, kunshin Python (harshen rubuta shirin kwamfuta) na masu nazarin rana wanda sigarsa ta 1.0 ta fito a 2019, yana sauke fayilolin, ya jera su a MapSequence, ya gudanar da su. Tare da shi akwai aiapy, mai update_pointing da ke sabunta goshi daga jadawalin saiti na duk awa 3, da register da ke mayar da rana tsakiya, ya miƙar da arewa sama. Tarkon PIPP ne ya dawo da rigar malamai: da ka kira register, ka share sawu. Yi bidiyo ɗaya kafin, ɗaya bayan.

Ƙarfin Python na gaske a awo yake, kuma yana yi wa hotunan gida ma aiki. A wani kunshin Python mai suna scikit-image akwai phase_cross_correlation; ka ba shi hotuna biyu da upsample_factor=10, ya faɗa maka tazararsu zuwa kashi 1 cikin 10 na fiksel. Ka tara lambobin, ka cire miƙaƙƙen layin sulalewa, ka bi da sauran ta lissafin Fourier, sai lokutan da ke ɓoye su fito kowanne da tsininsa: ga na babbar sanda a daƙiƙa 479, ga wasu gajeru na ƙananan giyoyi. Fiji ba ta kai ka nan cikin sauƙi. Za ka iya kuma sa shi ya nemo da'irar da ta fi dacewa da bakin rana, hanyar da ba ta damu da gajimare ya ci kwata ɗaya ba. Shawara ɗaya sai kai za ka yanke: gwada kowane hoto da na farko, ko da na gabansa. Na farko ba ya tara kuskure amma yana rikicewa idan fuskar rana ta sauya. Na biyu akasin haka.

Kuɗinsa lokaci ne da data. Wanda bai taɓa Python ba zai ci makonni kafin ya sake. Hoton AIA ɗaya a buɗe ya haura megabait 32, awa guda hotuna 300 ne a launi ɗaya kawai. Cibiyar JSOC da ke Stanford tana yanko maka ƙaramin yanki idan ka nema, wannan ya fi sauƙi ga aljihu. Idan kallo kawai kake so, Helioviewer a intanet ko JHelioviewer a kwamfuta za su haɗa maka bidiyon SDO da na kumbon SOHO nan take, amma suna ajiye kowane hoto ne bisa abin da goshinsa ya ce, don haka ba wurin farautar rawa ba ne. Kuma idan ka ci karo da ranar da rana ta yi juyi cikakke ko ta fice daga ɗanyen hoton SDO, kar ka ɗauka ka gano wani abu: lokaci-lokaci da gangan ake juya kumbon don gwajin na'urori, sau biyu a shekara kuma duniya kan tare masa rana na wasu mintuna a kullum har kusan mako uku.

To, wacce?

Mai sabon mazauni da ke son sanin ko a mayar wa mai shago ko a riƙe, FFmpeg da Fiji sun ishe shi, kuma in ɗaya zai ɗauka, Fiji ce. Tana gudanar da hotuna, ba ta taɓa su sai ka ce, kuma hoton Reslice ya fi kowace gardama ƙarfi. Mai son bidiyon da zai ɗora a shafinsa, ImPPG ta daidaita, FFmpeg ta jera. PIPP kuma ga wanda yake sauri ko yake son juya SER zuwa wani tsari. SunPy ta ɗalibin kimiyya ce da mai aiki da FITS, ko wanda lilon giya ya hana barci har yake son ya san haƙorin da ke ciwo. Ban ga dalilin da mai hotuna 180 zai fara da ita ba.

Ni nawa tsarin bidiyo biyu ne daga jeri ɗaya, ɗanye da gyararre, in manna su gefe da gefe da -filter_complex hstack. Na dama yana nuna abin da rana ta yi, na hagu abin da ni da kayana muka yi. Da haka na kama wani tsalle da na daɗe ina zargin giya a kansa. Zaren Reslice ya nuna ba ya dawowa a kan lokaci, sau ɗaya yake zuwa, kuma kullum bayan rana ta ɗan ɗaga. Na koma na tsuguna a bayan madubin ina kallo. Wayar kyamara ce ke rataye, tana miƙewa yayin da bututu ke juyawa, har ta kama kan wani noti a ƙafar mazauni, ta ja, ta suɓuce. Na ɗaure ta a jikin bututun da robar kuɗi, na bar mata lanƙwasa, na sake ɗaukar rabin awa. Tsinkewar ta ɓace. Sawun macijin dai yana nan, duk minti 10.